Bangon da Yaƙ Ƙi Bushewa

Shekarad da Turawan mishan sunka samu izinin gina ɗakin shan magani na kutare bisa wani tudu tsakanin Rimawa da Goronyo, Ɗantani magini ya ba shekara arba'in baya. Mutumin Wurno na, gini kuwa gadonai na tun kakanni. Shekara bakwai shina hwama da gyambo ga ƙwabrinai na hagu. Ya sha rubutu, ya ɗaura ganye iri-iri, wanzami ma ya gwada, abin bai ko motsa ba. Ko masallaci yat tahi, sahun baya shike tsayawa don wari.

Wanda yaw warkad da shi shi na Malam Habila, disfensa mai ba da magani da 'yan mishan sunka aiko shi zauna bisa tudun tun kahin a aza tubali ko guda. Kirista na, mutumin ƙasaz Zazzau, siriri mai sanyin murya. Bukka ukku gare shi: guda ta kwana, guda ta magani, guda ta marasa lahiyad da sunka hito nesa. Kwana arba'in da biyu shina durƙusawa gaban Ɗantani kullum sahe, shi wanke gyambon da hannunai, shi sa magani, shi naɗe. Bai taɓa yamutsa huska ba. Ranad da anka kwance tsumman ƙarshe, Ɗantani yad dubi sabuwah hwata ta ruhe wurin sumul.

Cikin kwanakin nan na sunka saba, hal Ɗantani yab ba shi labarin da bai cika ba kowa ba. Ɗiyatai Rabi'atu, 'yas shekara tara, ta rasu shekaras sanƙarau, sa'ad da shina Rabah wurin gini. Kahin manzo shi kai gare shi an ruhe ta, kuma ranan nan mutum goma sha ɗaya anka ruhe Wurno. Da yaz zo, maƙwabta sunka yi ta gardama bisa kushewa ukku, wanga shi ce wagga ta, wancan shi ce waccan. Bai taɓa sanin inda ɗiyatai take kwance ba.

Malam Habila yac ce, "Allah ya sani, Malam Ɗantani. A littafinmu an ce ko gashin kanmu a ƙidaye yake. Almasihu kansa, da aka kai shi kabarin abokinsa, tsayawa ya yi ya yi kuka."

"Kuka?" in ji Ɗantani. "Annabi Isa?"

"Kuka kamar kowa, a gaban jama'a."

Maganag ga ta zauna ma Ɗantani ga rai. Tun rasuwaɗ ɗiyatai kowa haƙuri shike ba shi, ba wanda yat taɓa ce mai ko annabi na kuka.

Ran Lahadi da hantsi Malam Habila kan shimhiɗa tabarmi gindin wata aduwa bisa tudun, kutare su zauna, wasu bisa tabarma, wasu bisa duwatsu ukku da ke jere nan, shi karanta musu. Joji, Baturen mulki, ya hana shi wa'azi cikin gari ko kasuwa, amma bisa tudun ba mai hana shi. Da hwari Ɗantani nesa shike tsayawa, kaman mai jiran wani. Daga baya yak koma zama gehen tabarma.

Da ruwa yaɗ ɗauke anka cire gero, Ɗantani anka ba aikin ginin. Yaɗ ɗauko matatai Ruƙayyatu sunka sauka gidan wani ɗan'uwa nan Rimawa. Bai bas salla ba, amma Ruƙayyatu ta lura ya rage zaman majalisa, ya yawaita shiru.

"Maigida, mutane na magana," tac ce mai wata rana tana aza mai tuwo.

"Mi sunka ce?"

"Sun ce ƙahwa yaw wanke maka, kai kuwa zuciya kab ba shi."

Bai musa ba. Yac ce, "Ban taɓa jin mutumen ga ya yi ƙarya ba, Ruƙayya. Ko guda."

Bature ɗan mishan yaz zo daga Sakkwato da igiya da turaku, yaz zana wurin da Joji yas sa ma hannu, yak koma. Bangon gabas yaz zo daidai gindin aduwa, dole anka sare ta, anka gangarad da duwatsun gehe.

Rana ta ukku ga ginat tushe, sauran leburori sun tahi ɗiban ruwa da jakuna, sai Ɗantani da Bube, tsohon abokin aikinai. Bube na cikin ramin gabas, dagi yat taɓa wani abu yay yi ƙwas. Yaj ja baya.

"Maigida, taho ka gani."

Ruɓaɓɓen icce na jere, irin wanda ake ruhe kushewa da shi. Ɗantani yas sa hannu yaj jaye ƙasa a hankali. Mutum na kwance bisa gehen dama, huska gabas. Ƙashin ya yi ja da ƙasa, amma kitson samarin Hillani na nan maƙale ga ƙoƙon kai, ko kwancewa bai yi ba. Ƙashin hannun dama karkace shike, inda yat taɓa karewa yah haɗe.

Sunka yi salati. Bube yak kira Malam Habila.

"Malam," in ji Ɗantani, "sai mu ja ginin yamma kamu goma. Mu maida ƙasa, mu yi mai addu'a."

Malam Habila yad daɗe shina kallon ramin. Gumi na zuba mai ga wuya.

"Ba zai yiwu ba," yac ce. "Takardar Joji nan ta ce. In an matsa za a tambayi dalili, kuma sharaɗin hakimi shi ne kada a taɓa kabarin kowa. Shekara uku muna roƙon wurin nan. Dubi can." Yan nuna bukkak kutare bayan tudu. "Mutum arba'in da ɗaya ke jiran ɗakin nan. Wannan bawan Allah kuwa ya riga ya huta."

"To mi za a yi da shi?"

"Ni zan ɗauke shi. Zan binne shi wuri mai kyau, da mutunci. Ku dai ku rufa mini asiri."

Yaɗ ɗauko akwatin katako na kwalaben magani, yas shiga ramin da kainai. Akwatin gajere na, sai da yah haɗa ƙashin ƙahwa da na hannu, yaɗ ɗora kai bisa. Yar ruhe ido yay yi addu'a, yaɗ ɗauka yas shige bukkatai. Ɗantani yad dubi ƙwabrinai da yaw warke, yaɗ ɗauki dagi yac ci gaba da gina. Bube kuwa wanshekare bai zo aiki ba, kuma bai ƙara zuwa ba.

Gini yat tashi. Bangon arewa da na kudu da na yamma, in an aza tubali yau, jibi sun bushe ƙayau. Na gabas kuwa, daga ƙasa hal gwiwa, wani danshi yah hito baƙi, kamu huɗu ga tsawo, tudu wajen kudu, siriri wajen arewa. Ɗantani yak kankare yas sake yaɓe da ƙasa mai ramno da yawa. Kwana biyu danshin yad dawo, daidai wurinai, daidai tsawonai. Rana nan take hwara duka kowace sahiya. Ruwa kuwa, sai an gangara hwadama ake samu. Leburori na ganin abin suna dariya, suna cewa bango na hitsarin kwance. Ɗantani bai yi dariya ba, don shi ya san mi ad da tsawon kamu huɗu.

Anka aza azara, anka ruhe soro. Malam Habila bai jira a gama yaɓe da daɓe ba, yak kwaso akwatunan magani daga bukka da kainai, yaj jera su cikin ƙaramin ɗakin ajiya na ciki. Wanshekare Ɗantani yaz zagaya bayan gini yat tsaya cak. Danshin ya bar tsawo. Ya tattaru wuri guda, ya ɗaga sama, kaman inuwam mutum tsugune ya haɗa kai da gwiwa.

Makon nan anka gama yankan dawa, Hillani sunka sauko da shanu cin kara. Wata rana da azahar Ɗantani na cikin ɗaki shi kaɗai shina yaɓe, leburori sun tahi inuwa. Sai yaj ji wani bayan bango shina kaɗa harshe, irin yadda makiyaya ke kiran shanu. Sau ukku, a hankali, kusa ƙwarai. Yah hita shi ce ma mai kiwon kada shanu su goga mai sabon yaɓe.

Ba kowa. Sai shanu, sun kai talatin, sun bar kara mai daɗi can gona sun hawo tudu inda ba ko ciyawa. Sun yi da'ira gaban bangon gabas, kawunansu ƙasa. Ba mai tuƙa, ba mai kaɗa wutsiya, ƙuda na bisa idonsu ba su ko ƙibtawa. Wata tsohuwas saniya hwara mai karyayyen ƙaho tam matsa tas sa harshe tana lasad danshin, sannu-sannu, yadda ake lasas sabon maraƙi.

Ɗantani yaɗ ɗaga hannu shi kora su, hannun yaƙ ƙi sauka.

Can sai ga wata tsohuwa Bahillata ta hawo tudun da sanda, ƙwarya bisa kai. Tad dubi ginin, tad dubi gabas, tad dubi yamma, taj juya tana neman wani abu. Tag ga duwatsu ukku yashe cikin kwari. Tas sauke ƙwaryatta.

"Ina aduwa?" tac ce.

Sunanta Inno. Ɗanta guda na namiji, Sajo, kububuwa tas sare shi nan shekara shidda da sunka wuce, bai kai la'asar ba. Mazan ruga sunka ruhe shi gindin aduwa, ita taj jera duwatsu da hannunta. Kowace kaka in sun sauko, nan take hwara zuwa ta gaishe shi, ta hwaɗa mai shanun da sunka haihu da waɗanda sunka mutu. Bara cuta ta hana su saukowa ta wanga gehe.

Malam Habila yah hito shina share hannu. Yaj ji ta hal ƙarshe, yac ce, "Inna, tudu da yawa a ƙasar nan, aduwa ma da yawa. Kin ɓata hanya ne."

Ba ta yi gardama ba. Taɗ ɗauki ƙwaryatta tag gangara. Kwana biyu sai ga ta da Sale, dogarin hakimi, da jar riga da bulala. Kutare sunka taru, leburori sunka aje aiki.

"Hakimi ya ce in tambaye ka, Malam," in ji Sale. "Kun ishe kushewa wuringa ko ba ku ishe ba?"

"Ba mu tarar da komai ba."

"Kana iya dahwa littahinku ka hwaɗi hakanan?"

Ɗantani ya taɓa jin Malam Habila da bakinai shina karanta musu cewa mai bin Almasihu ba shi rantsuwa, i tai i ta, a'a tai a'a ta. Don haka yaz zaci za shi ƙi. Sai yag ga ya shiga bukka ya hito da baƙin littahin, ya ɗora hannun dama bisa, hannun nan da yaw wanke mai gyambo.

"Babu kabari a nan. Ba mu ga kowa ba."

Inno ba ta ko dube shi ba. Ɗantani tad duba.

"Kai magini, ɗana. Kai kat tona ƙasag ga da hannunka. Mi kag gani?"

Ɗantani yad dube ta cikin ido. Yaj ji idon Malam Habila bisa gare shi, da idon kutare arba'in da ɗaya.

"Ƙasa nig gani, Inno," yac ce. "Ƙasa da saiwa."

Tsohuwa tag gyaɗa kai. Tat tako hal gindin bango, taɗ ɗora tahin hannu bisa danshin, tak kara kunne kaman mai sauraren ciki.

"Shina nan," tac ce. "Amma ba kwance shike ba. Sun naɗe shi."

Sale yay yi 'yad dariya wadda ba ta kai ciki ba, yac ce shi dai ya ji rantsuwa, yah hau dokinai yat tahi bai ko sha ruwa ba.

Inno kuwa taz zauna nan. Kullum da sahe in Ɗantani yaz zo aiki shina ishe ta jingine da bango tana magana da Hillanci ƙasa-ƙasa, ta dakata kaman ana ba ta amsa, ta ci gaba. Wani lokaci hal ta yi murmushi. Mutanen rugassu sunka tashi zuwa hwadamat Tursa, ƙanen mijinta yaz zo sau biyu shi tahi da ita, taƙ ƙi. Sunka kora shanu, amma hwaras saniyan nan takan kuɓuce ta dawo da azahar, ta tsaya kusa da tsohuwa. Malam Habila na aiko mata da tuwo, tuwon shi kwana ruhe. Sai nonon da 'yan ruga ke kawo mata take kurɓa. Shi ma Malam Habila yar rame, idonai sunka zurma.

Ɗantani yad daina cin abincin kirki. Ɗakin dut ƙamshin ruga shike yi, hayaƙin kashin shanu da tsamin nono, ko da an share an yayyahwa maganin asibiti. In rana ta take, shina aiki shina sauraren bayanai.

Rana ta tara Bature yaz zo duba aiki. Yaz zagaya shina jin daɗi, shina yaba azara, hal yak kai bangon gabas. Ya iya Hausa, don haka da Hausa yat tambaya wace ce wannan.

"Mahaukaciya ce, ranka ya daɗe," in ji Malam Habila. "Ba ta da lafiya. Za ta tafi."

Ɗantani na bisa tsani yaj ji. Da Bature yat tahi bariki hutawa, yas sauko yab bi Malam Habila bukka.

"Malam, hwaɗa mani inda kar ruhe shi. Ni kaɗai za ni kai ta, ba mai ji. Ta ga wurin ta yi addu'atta ta tahi. Na san abin da ka cin ta, Malam, ka san na sani."

"Can fadama ne."

"Ina ga hwadama?"

"Ba zan gane wurin ba yanzu. An yi shuka a kai."

Bai ɗaga kai ba da yah hwaɗi haka. Ɗantani ya yi shekaru shina hulɗa da masu ba da aiki, ya san muryam mutum in ya kauce.

Wanshekare da azahar yas shiga ɗakin ajiya shi gama daɓe. Akwatuna na jere jikin bangon gabas, huɗu bisa juna. Ɗakin ba taga, amma sanyi gare shi kaman bakin rijiya. Ta bayan bango shina jin muryat tsohuwa tana ta zuba Hillanci. Tad dakata. Sai anka kaɗa harshe sau ukku, ba waje ba, nan cikin ɗakin, dab da ƙahwatai.

Yay yi bisimilla, yas sauke akwati na bisa, kwalabe sunka yi ƙara. Na biyu ma haka, na ukku ma haka. Na ƙasa ba shi da nauyi, an buga mai sabbin ƙusoshi, gindinai jiƙe sharkab. Yas sa bakin hauya yaɓ ɓalle murhin.

Kitson yah hwara gani.

Bai san tsawon lokacin da yay yi tsugune ba. Daga baya yac cire rawaninai yar ruhe akwatin, yar rungume shi ga ƙirji yah hita. Kutare na layin allura gaban bukka. Bature ya dawo, shina zaune bisa kujera. Ɗantani yaw wuce ta gabansu dut, yaz zagaya bayan gini, yad durƙusa gaban Inno ya aje.

"Inno, ƙarya niy yi maki. Ga shi."

Tay yaye rawanin. Ba ta yi kuka ba. Tak kwance mayahinta tas shimhiɗa ƙasa, tas shiga hiddo ƙasusuwan ɗai-ɗai tana jerawa, kowane wurinai, kaman ta saba. Da tak kai ga karkataccen ƙashin hannu tar riƙe shi tana shahwawa.

"Bajimi yak karya shi, shina ɗan shekara goma," tac ce, ba da kowa ba. "Ni niɗ ɗora mai." Tam miƙad da ƙahwahun, tag gyara kai huska gabas. "To, miƙe, Sajo. Ka gaji."

Mutane sun riga sun kewaye su. Wata kuturuwa tah hwashe da salati. Bature na tambaya mi ke hwaruwa. Malam Habila yar ratso jama'a, sirinji na hannunai, yaz zube gwiwa biyu gaban tsohuwa.

"Inna, na yi zunubi. Sau biyu na ɗauke shi zan binne, na ga mutane a hanya, na ji tsoro. Kullum ina cewa gobe. Ki gafarta mini."

Tad dube shi karo na hwari.

"Tsoro ba komi na ba, ɗana, kowa na ji. Amma ka dahwa littahin Ubangijinka. Kuma ka ce ni mahaukaciya ta." Tam maida kai ga ɗanta. "Ka tambayi Sajo. Ni ba ni da abin ba ka."

Kahin la'asar limamin Rimawa yaz zo da mutane da likkahwani, anka kai Sajo maƙabarta. Ɗantani da Bube sunka gina kushewat. Inno tat tsaya nesa da sauran mata hal anka gama, sannan tak kora saniyatta tab bi hanyat Tursa. Ba a ƙara ganinta wajen ba.

Magana tak kai ga hakimi, tak kai ga Joji. Wata biyu ɗakin na kulle. Kutaren da kansu sunka tahi ƙohwah hakimi sunka zauna, sunka ce su dai a bar musu allura. Anka buɗe. Bature ya so shi maida Malam Habila gida, shi kuwa yar roƙa a bar shi nan inda yay yi ɓarnat.

Ranad da Ɗantani yaɗ ɗaure kayan aikinai za shi Wurno, Malam Habila yat tare shi bakin hanya.

"Malam Ɗantani, ni na yi laifi, ba Almasihu ba. Kada ka auna shi da ni."

Ɗantani yag gyara igiyaj jaki.

"Malam, ni ban taɓa ganinai ba. Kai nig gani. Abin da kac ce ya yi, ga bakinka nij ji. To bakin nan na yac ce ba kushewa." Yaj ja igiyat yaɗ ɗaure. "Kuma ba kai kaɗai ba. Tun da nike ban taɓa duban tsohuwa cikin ido in yi mata ƙarya bisa ɗanta ba, sai da niz zauna tabarmakka. Ƙahwata na gode. Hal in mutu ina godiya."

Yak kora jaki.

Shekara goma sha ɗaya Malam Habila yay yi bisa tudun nan. Kutare na zuwa daga Maikujera, daga Rabah, hal daga bakin iyaka. Ya yi musu aiki tsakani da Allah, kowa ya shaida, wasu da yawa sun samu sauƙi. Amma ran Lahadi in ya shimhiɗa tabarmi, sai kowa shi tuna da wani aiki. Sabon zuwa in ya zauna, tsohon zama shi raɗa mai magana ga kunne, shi tashi. Suna miƙa mai hannu shi yi allura, su yi godiya, su kau da kai. In mutum biyu na gardama kasuwag Goronyo guda yac ce zai rantse, sai a ce, "Irin ta Malam na tudu?" a yi dariya.

Shekarad da anka sallame shi za shi koma ƙasassu, yab biyo ta Wurno shina tambayag gidan Ɗantani magini. Dukansu sun yi hurhura. Ɗantani yas shimhiɗa mai buzu zaure, Ruƙayyatu ta aiko da hura mai sanyi. Sunka yi hirad damana, da tsadag gero, da waɗanda sunka mutu. Da rana tay yi sanyi Ɗantani yar raka shi bakin hanya inda motas Sakkwato ke tsayawa.

Sun ga ƙuram motat daga nesa, sai Malam Habila yac ce, "Abu guda nake so in sani kafin in tafi. Da ban yi abin da na yi ba, da ka bi?"

Ɗantani yad dubi ƙurad da ke matsowa.

"Da na bi," yac ce. "Na riga na hwaɗa ma Ruƙayyatu in an gama ginin za ni shiga addininku. Kwana ukku tay yi tana kuka, sannan tac ce inda nit tahi nan za ta."

Malam Habila ya aje jakatai ƙasa, yaz zauna bisa. Mota taz zo tat tsaya, direba yay yi ta kira, yag gaji yaj ja. Ɗantani yat tsaya kusa da shi hal ladan yak kira magariba. Sannan yaɗ ɗauki jakat yac ce mai shi taso, akwai wurin kwana zaure, wata motat na zuwa jibi.